Ƙugin da Ke Ƙarƙashin Waƙar Hadassah

Nicholas mutum ne da akan ji muryarsa kafin a ga fuskarsa. In ya tsaya a ƙofar gidansa da ke Kamazou ya yi wa matarsa Celina sallama, mai shagon da ke can bakin layi kan ɗaga kai ya amsa. Baƙo zai ɗauka faɗa yake yi, alhali kuwa babu mai sanyin hali kamarsa a unguwar. Wanda ya san Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki ba zai yi mamaki ba. Duk wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin saƙa haka yake magana, domin a can injuna ne jere-jere suke bugawa lokaci guda, mutum ba ya jin na kusa da shi sai ya ɗaga murya ko ya kalli leɓensa. An rufe masaƙar da daɗewa, ciyawa ta cinye harabarta, amma har yau ba wanda ya sanar da maƙogwaron Nicholas.

Yana saurayi ya zo Kaduna a jirgin ƙasa daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, da akwatin ƙarfe da ƙullin acca da yayarsa Hadassah ta ɗaura masa. Ita ta raine shi, gama mahaifiyarsu ta rasu tun bai yi wayon da zai riƙe kamanninta ba. Ya fara da sharar auduga, ya koma saƙa, daga baya ya zama mai gyaran injuna. Gwanintarsa a kunne take. Yakan ratsa tsakanin layuka, hannuwansa a baya, kansa a karkace, sai ya tsaya cak a gaban inji ɗaya ya ce ƙoshiyar wannan ta fara cin gefe. A buɗe, a tarar haka ne. Ana raba wa ma'aikata auduga su toshe kunnuwa, shi kuwa da sauran masu gyara sai su tura tasu a aljihu, domin a ganinsu mai gyaran da ya toshe kunne bai zo aiki ba ke nan. Akwai kuma doka ɗaya da ya ɗauko daga wurin, ya riƙe ta fiye da yadda wasu ke riƙe addininsu: yadin da ya fito da aibi ba a ajiye shi. Yanke shi ake yi a fitar nan take, don kada wata rana a manta a haɗa shi da mai kyau.

Dokar ba ta da laifi, ba kuma za a zarge shi don ya girmama ta ba. Sai dai kowace doka akwai wurin da aka yi ta dominsa, kuma mutumin da ya fi kowa biyayya shi ne ya fi kowa saurin ɗaukar ta zuwa inda ba a aike ta ba.

Bayan an rufe masaƙa ya koma gyaran keken ɗinki a gindin mangwaron da ke ƙofar gidansa. Rediyo ba ya mutuwa a gefensa tun safe har yamma, ko da kuwa ba ya bin abin da ake faɗi, kuma ba ya iya runtsawa in fanka ba ta juyawa. Celina tana sayar da hatsi a kasuwar Sabon Tasha, 'yarsu Mercy tana aiki a Jos. Da azahar, in zafi ya kwantar da unguwa, yakan jingina da mangwaron ya lumshe ido. Sai jiniya ta kaɗa masa daga wani wuri mai nisa, kekuna su cika titin Kakuri kamar ruwa ya ɓalle, ya ga kansa cikin dogon ɗakin nan inda ƙurar auduga ke yawo a hasken taga, fara fat, ba ta sauka ba ta tashi. In ya farka yakan daɗe bai tuna shekarunsa ba.

A bazarar da ake magana a kanta aka kawo Hadassah Kaduna aka yi mata aikin ido. Ta tsufa ƙwarai, numfashinta ya gajarta, amma bakinta yana nan da kaifinsa. Tun ranar da ta sauka ta yanke hukunci: da zarar ruwan farko ya sauka za ta koma ƙauye, kuma ba za ta sake hawa mota ta zo birni ba, ko a raye ko a mace. Ba wanda ya yi mata musu, domin kowa ya ga gaskiya ta faɗa.

Da yamma takan zauna a tsakar gida da baƙin tabarau da likita ya ba ta, tana rera waƙoƙi cikin harshen Bajju, na niƙa da na noma da na raino. Duk daga bakin mahaifiyarsu ta ɗauke su, kuma a duk zuri'ar ita kaɗai ta rage da su. A cikinsu akwai wata doguwa wadda mahaifiyar ce ta ƙaga ta da kanta a bakin dutsen niƙa. A ciki take kiran sunayen iyayenta da kakanninta, ta gangaro kan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da ta gani a kowannensu, har ta ƙare a kan autanta, da sunansa na gida wanda ba mai kiransa da shi yanzu. Nicholas bai taɓa jin ta ba. Hadassah ta ce waƙar ta suɓuce mata tun shekaru, farkonta kawai ya rage.

Mercy ce ta aiko da tsohuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, da makirufo mai 'yar ƙafa uku, da hedifon, wato abin nan da ake kifawa a kunnuwa biyu. Ta nuna wa mahaifinta ta waya inda zai danna, ta ce, "Baba, don Allah a ɗauki muryar Goggo kafin ta tafi. Ko yaya ta fito, a dai ɗauka."

Ya ji farkon maganar, bai riƙe ƙarshenta ba.

A falo suka fara. Hadassah ta rera wata gajeruwa ta raino, Nicholas ya kifa hedifon ya maido da abin da aka ɗauka, sai ya yamutsa fuska. Fanka tana hurawa a ciki kamar guguwa, firji yana gurnani, injin markaɗen maƙwabciya yana kuka daga bayan katanga, muryar kuma tana dawowa daga bango kamar a cikin rijiya aka yi waƙar. A fuska ya nuna ɓacin rai, a zuciya kuwa wani daɗi ne ya ratsa shi wanda ya daɗe bai ji irinsa ba. Aikinsa ne ya dawo ya same shi har gida.

Ya bi abin da tsari, yadda aka koya masa. Ba ya canza abu biyu a lokaci guda, domin wanda ya canza biyu, in ƙarar ta tafi, bai san wanne ya kore ta ba. Ya kashe fanka, ya saurara. Ya zare firji, ya saurara. Ya je ya roƙi maƙwabciya ta faɗa masa lokacin da injinta ke hutawa. Ya kwashe kayan ya koma da su ɗakin Mercy na dā, wanda ba ya kallon titi. Ya buɗe akwatin Celina ya fito da tsofaffin atamfofi, wasu ma a masaƙarsu aka saƙa yadinsu, ya rataye su a bango huɗu har ɗakin ya zama kamar cikin fure, amsa-kuwwar ta mutu. Ya lura duk sanda caja ke jikin kwamfuta akwai wani gunji mai kauri, in ya zare ta sai ya ɓace, don haka ya koma ɗauka da batir kawai. Ya kori wayoyin hannu daga ɗakin, domin suna sa makirufo yin ƙyas-ƙyas. Ya rage ƙarfin makirufon ya matso da shi kusa da bakinta, da numfashinta ya fara bugunsa sai ya ɗaura ɗankwali mai shara-shara a bakin rariya ya tsayar a tsakani.

"Auta," in ji Hadassah tana fifita da murfin kwano, "ni ce zan yi waƙar nan, ko kai da rariyarka? Ka kashe fanka, ka rufe taga, ka lulluɓe bango. Saura ka kawo itace ka dafa ni."

"Ki yi haƙuri, Yaya. Saura kaɗan."

"Tun kana tsirara kake cewa saura kaɗan."

Duk waɗannan ƙararraki na gaske ne, kuma ya kore su da ilimi da haƙuri, wannan dole a ba shi. Amma da ɗakin ya yi tsit, ya kifa hedifon, sai ya tarar da wani abu ɗaya ya rage. Siriri ne, ba ya hawa ba ya sauka, zuu kamar zare da aka ja ba a tsinke ba, a cikinsa kuma akwai wani ɗan bugu mai maimaita kansa. Yana kwance a ƙarƙashin muryar Hadassah tun daga farko har ƙarshe, in ta tsaya jan numfashi sai ya fito fili.

Ya kira Celina ya kifa mata. Ta daɗe tana saurare, ta cire ta ce, "Baban Mercy, ni fa muryar Yaya kawai nake ji. Tas take, kamar tana zaune a cikin kaina."

"Ki ƙara saurarawa. A ƙasa yake."

"Babu komai a ƙasa. Dubi ma layin nan na kwamfuta, in ta yi shiru kwanciya yake yi."

"Kwamfuta zane take yi, ba ta da kunne. Ke kuma kunnen da ya tsufa a kasuwar Sabon Tasha me zai ji?"

"To, mai kunne," ta ce, ta koma madafa.

Ya sauya igiyar makirufo. Ya sauya ramin da ake soka ta. Ya ɗora kwamfutar a kan matashi, ya sauke. Ƙugin bai motsa ba. Kowace waƙa Hadassah ta rera, in ya saurara ya ji shi, sai ya goge ta, ya bi ta har kwandon sharar kwamfuta ya zazzage, yadda aka saba yi wa yadi mai aibi. Ya binciki duk abin da ke cikin ɗakin nan, ko kuwa haka ya ɗauka.

Wata rana da la'asar sararin sama ya yi rawaya, iska ta kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani gari mai nisa. Hadassah na tsakiyar wata waƙar noma sai ta tsaya. Nicholas ya miƙa hannu zai tsayar da ɗauka, sai ya ga hannuwanta sun fara tafiya gaba da baya a kan cinyarta, kamar akwai dutse a wurin. Ta buɗe baki, wata murya ta fito wadda ba irin tata ba, ta fi tata yarinta. Sunaye suka fara zuwa, na mutanen da ƙasa ta rufe tun kafin a shimfiɗa layin dogo. Atamfofin bango suna motsi kaɗan-kaɗan ba tare da iska ba, ko kuwa idonsa ne. Ya ga wata mata durƙushe a bakin dutse, bayanta kawai yake gani, garin acca yana zuba fari a kan tabarma, shi kuma yana goye, kumatunsa a manne da wuyanta, waƙar tana shigarsa ta ƙirji ba ta kunne ba. Matar ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ta zo kansa. Ta kira sunansa na gida, ta faɗi abin da ta gani a cikinsa, baituka masu tsawo, ya ji kowace kalma ya kuma fahimce ta, yadda ake fahimtar magana a mafarki. Celina na tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, hawaye na bin fuskarta.

"Ta dawo mini," in ji Hadassah, tana haki. "Ban san ta inda ta biyo ba. Ka kama ta?"

"Na kama, Yaya."

Da aka kai ta ta kwanta, ya zauna ya maido da waƙar. Ga muryar, ga sunayen. Ga kuma ƙugin, yana tafe a ƙarƙashinsu kamar ƙazanta a gindin ruwan sha. Ya daɗe yana kallon allon. Ya yi wa kansa hujja, kuma a tsarinta babu inda ta karkace: wannan ita ce waƙar da ta fi kowace daraja, saboda haka ita ta fi cancanta ta fito ba aibi, tunda ta dawo wa Yaya yau, gobe ma tana nan, in ya bar wannan mai datti, wata rana ita jikoki za su ɗauka su ce haka muryar take. Ya danna, ya bi ta kwandon shara, ya zazzage.

Hujjar ta tsaya ne a kan ƙafa ɗaya da bai gwada ba, wato cewa gobe ma tana nan. Washegari Hadassah ta rera farkon waƙar, ta kai kan kakanni, ta tsaya. Ta sake, ta tsaya a wuri guda. Hannuwanta suna kwance a cinya ba motsi.

"Ba komai," ta ce. "Ai ka kama jiya. Kunna mini in bi ta."

"Akwai aibi a ciki, Yaya. Na fitar."

Ta juyo da baƙin tabarau wajen muryarsa. "Ka fitar da ita zuwa ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Zuwa ina, Auta? Faɗa mini wurin, in aika a ɗauko."

Daga ranar ta daina tsokanarsa, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Hadari ya fara taruwa a gabas kowace yamma yana watsewa. Ta sa Celina ta ɗaure mata kayanta, ta ce a gaya wa direban garinsu ya biyo ta nan ranar kasuwa. Nicholas kuwa, maimakon ya tuhumi kansa, sai ya ƙara tsanar ƙugin, domin a lissafinsa shi ne ɓarawon. Ana gobe za ta tafi ya aika a kira Callistus.

Callistus mutumin gabas ne da ya tsufa a Kaduna, yana da shagon kayan wuta a Sabon Tasha. Tare suka yi gyaran injuna da Nicholas a ɗakin saƙa ɗaya, kuma shi ma in ya yi gaisuwa a bakin titi sai kaji sun watse. Nicholas ya zaɓe shi ne domin a duk garin nan kunnen Callistus kaɗai ya yarda da shi bayan nasa.

"Oga Nicholas! Ina mara lafiyar?" in ji Callistus tun daga zaure. "Madam, sannu da gida. Mama, yaya ido? Kin fara ganin munin ƙanenki?"

Ya zauna ya kifa hedifon, ya karkata kai irin karkatawar da Nicholas ke yi. Ba a daɗe ba ya buga cinya. "Chineke! Ya Allah, ga shi nan. Zuu, da ɗan bugu a ciki. Madam ba ta ji wannan ba?"

"Ta ce babu komai."

"Mata! Matata Philomena ma haka take, sai abu ya fashe take ji. Oga, wutar gidanka ce ba ta da hanyar ƙasa. Kawo diga."

Suka haƙa rami a bayan taga cikin zafin rana, tsofaffi biyu suna gumi suna yi wa juna ihu. Suka kafa ƙarfe, suka zuba gawayi da gishiri, suka kwarara ruwa, suka ja waya ta taga zuwa ɗakin. Don wayar ta kai sai da suka ja tebur gefe. Celina ta shigo da tsintsiya tana share ƙasa da baƙin gawayin da suka shigo da shi a ƙafa. Callistus ya sake kifa hedifon, ya ɗaga yatsa a yi shiru.

"Kai! Yana nan, Oga. Bai ko rage ba."

Nicholas ya karɓa ya kifa. "Yana nan."

"To ko makirufon ne na jabu?"

"Baban Mercy," in ji Celina daga ƙasa inda take durƙushe.

"Dakata, muna aiki."

"Na ce, wannan fa, ina ake soka shi?"

Ta ɗago hannu. Tsakanin yatsunta akwai bakin igiyar hedifon, ɗan ƙarfen nan mai sheƙi, wanda ya zare ya faɗi bayan kujera tun sanda suka ja tebur. Nicholas ya bi igiyar da ido daga hannunta, ta bi ta ƙasa, ta hau ƙirjinsa, ta ƙare a kunnensa. Igiyar ba ta taɓa kwamfuta ba ko kaɗan. Ƙugin kuwa yana nan yana tafiya, zuu, da ɗan bugunsa.

A hankali ya cire hedifon. Ya ɗora tafukansa biyu a kan kunnuwa ya danne. Sai abin ya taso ya cika masa kai, kuma a karon farko ya saurare shi ba don ya kore shi ba. Nan take ya gane shi. Ɗakin saƙa ne. Layin injunan da ke kusa da taga ne, yadda ake jin su daga bakin ƙofa da sassafe kafin mutum ya shiga. Audugar da ya tura a aljihu shekara da shekaru ce ta zo karɓar bashinta. An kashe injunan, an kwance su an sayar da ƙarfen, su kuwa ba su daina aiki a cikin kansa ba. Rediyo da fanka da hayaniyar gari ne suka rufe masa su, shi kuma da hannunsa ya kashe waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ya gina ɗakin da ya fi ko'ina shiru a Kamazou, ya shiga ya zauna da su.

Callistus ma ya danne nasa kunnuwan. Ya fara dariya, dariyar ta tsaya a hanya. "Oga," ya ce, da murya ƙasa-ƙasa irin wadda ba a san shi da ita ba, "ni fa firjin Philomena nake zagi. Har sau biyu na canza shi."

Nicholas ya nemi shaida, wannan daidai ne. Kuskurensa shi ne ya nemo ta daga ɗakin da ya fito. Mutum biyu da ƙara ɗaya ta cinye wa kunne, in sun yarda da juna, ba su zama biyu ba. Shaidu na gaske kuwa suna gidan tun farko, mai sayar da hatsi da layin da ke kwanciya a allo, ya sallame su domin ba su faɗi abin da ya riga ya yarda da shi ba.

Ya fita tsakar gida inda Hadassah ke zaune kusa da ƙullin kayanta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ganyen mangwaro sun juya cikinsu. Ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Yaya, babu komai a kan waƙar. Tas take. A kaina abin yake."

"Sai yau ka sani? Duk coci sun san kai kurma ne. In ka ce amin, jarirai kuka suke yi." Ta laluba ta sami kansa, ta dafa furfurar. Ta daɗe a haka. "Tashe ni. In ruwan nan ya sauka a kwanon rufi, ko ni ba zan ji kaina ba."

Suka zaunar da ita a gaban rariya. Nicholas ya soka igiyar a wurinta, ya ɗauki hedifon, ya juya ya miƙa wa Celina da hannu biyu.

"Maman Mercy, ke za ki ji mana. Abin da kika ce, shi ne."

Callistus ya rakuɓe a bakin ƙofa ya toshe bakinsa da hula. Hadassah ta fara. Ta wuce farkon, ta shiga kakanni, ta zo inda take tsayawa, sai hannuwanta suka motsa a kan cinya, ta haye. Ta kira 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, muryar tana rawa amma tana tafiya. Celina ta runtse ido tana gyaɗa kai. Ta zo kan auta.

Nan ta tsaya. Hannuwan suna ta niƙa, leɓunan suna motsi, babu abin da ya fito. Ta bi karin da hanci kaɗan, ta sake shi. Shirun ya yi tsawo. Nicholas ya laluba cikin kansa ko zai sami baitukan da ya ji ranar nan ya miƙa mata, ya tarar sun tafi yadda maganar mafarki ke tafiya, sun bar ɗuminsu kawai. Daga ƙarshe Hadassah ta kira sunansa na gida, ba da waƙa ba, da magana, yadda ake kiran yaro ya shigo ruwa zai sauka. Sai ɗigon farko ya bugi kwano, na biyu ya biyo.

Celina ta buɗe ido. "Ruwan ya shiga ciki, Baban Mercy. A ƙarshe-ƙarshe."

"Bar shi."

"Da wurin da ta yi shiru?"

"Bar shi duka."

Da safe mota ta zo ta tafi da Hadassah a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Ya aika wa Mercy waƙar yadda take, bai yanke ko numfashi ɗaya ba. Yanzu da azahar, in ba kowa a gindin mangwaro, yakan kashe rediyo ya shiga ɗakin atamfofi, domin bai sauke su ba, ya kifa hedifon. Yakan bi sunayen har zuwa wurin da muryar ta tsaya. Celina ta ce a wurin nan babu komai, shiru ne tas, kuma ya yarda da ita. Shi dai abin da yake ji a wurin injuna ne, can nesa, suna saƙa, ƙurar auduga tana yawo a hasken taga. Yakan zauna a cikinsu hannuwansa a cinya, yana jira, har a kira sunansa.